Wani tara, wani dakatarwar wasa huɗu: yadda ake hukunta makararren karo a zari-rugar lig

Tambaya: Ina kallon gasar NRL ta Ostareliya da Super League ta Ingila. Sau da yawa sai in ga an banke ɗan wasa bayan ƙwallo ta riga ta bar hannunsa. Wani a ci shi tara kawai, mako mai zuwa ka gan shi a fili, wani kuma a dakatar da shi wata guda. Ba son kai a ciki kuwa? Da me suke aunawa?

Amsa: Malam, wannan tambaya ko a Sidni da Wigan ana yin ta duk ranar Litinin, har da tsofaffin 'yan wasan da suka shekara goma sha a fili. Son kai ba shi ne babban abin da kake gani ba. Abin da kake gani shi ne laifi biyu da suka yi kama a ido amma aka rubuta su da suna daban, a mataki daban, a kan mutane biyu da tarihinsu ba ɗaya ba. Akwai dai wurin da ƙorafinka yake da gaskiya, zan zo kansa.

Da farko ka ajiye lissafin ƙwallon ƙafa a gefe. A can jan kati da kansa yana jawo dakatarwa. A zari-ruga mai 'yan wasa 13 ba haka ba ne. Hukuncin alƙalin wasa a fili daban, hukuncin kwamiti bayan an tashi daban. Ana iya korar mutum daga fili kwamiti ya ce korar ta wadatar, ana kuma iya gama wasa alƙali bai ko busa usur ba, washegari takardar tuhuma ta iso kulob.

Me ya sa ma ake ɗaukar wannan karon da zafi, a wasan da ginshiƙinsa shi ne ƙarti su yi ta karo da juna na minti 80? Ka dubi mai lamba 7, wato mai tsara wasa, lokacin da zai ba da fasin. Yana tafe da ƙwallo a hannu biyu zuwa layin masu tsaro, yana so ya ja mutum biyu su nufo shi don gibi ya buɗe a gefe. Da ya saki ƙwallon sai kansa ya juya ya bi ta da ido, haƙarƙarinsa a buɗe, bayansa ko gefensa na fuskantar wanda ke tahowa. Kamar wanda ya sauke buhu daga ka ne, jiki duk ya saki. Wanda yake riƙe da ƙwallo ya san karo na zuwa, ya ɗaure wuya, ya sunkuya, ya tara kafaɗa. Wanda ya riga ya saki ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ƙato mai kilo 110 ya same shi a baya a wannan hali, ko da kafaɗar ba ta taɓa kai ba, gangar jiki ce za ta yi gaba kan ya fizgu baya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa a Ingila bayanin tuhumar ma yake magana a kan lanƙwasar wuya da ƙashin baya ga mutumin da ya saki ƙwallo yana cikin halin da ba zai iya kare kansa ba. Mai doka ƙwallo da ƙafa ya fi shiga haɗari, don ƙafa ɗaya ce a ƙasa tana ɗauke da nauyinsa duka, ɗayar tana sama.

A fili, alƙali yana da abubuwa huɗu a hannunsa: ya ba da fenariti, ya sa mutum a rahoto, ya fitar da shi na minti goma, ko ya kore shi gaba ɗaya. In ka ga ya ɗaga hannaye ya gitta su a saman kansa, rahoto ke nan, wato yana cewa kwamiti ya duba wannan. A Ingila ana ɗaga katin ɗorawa da jan kati, a NRL kuwa ba kati, yatsu goma alƙali yake buɗe maka, ko ya nuna maka hanyar waje da yatsa ɗaya. Akwai kuma wata doka da mutane da yawa ba su lura da ita ba. In aka banke mai doka ƙwallo bayan ya doka, ana iya ba da fenaritin a inda ƙwallon ta sauka, ba a inda aka yi ketar ba, wanda kan zama ribar mita arba'in ko fiye. In kuma yana ƙoƙarin doka ta tsakanin sanduna don cin maki ne aka yi masa keta, fenaritin a gaban sanduna ake ba da shi, ko da bugun nasa ya shiga.

Bayan an tashi sai aikin kwamitin bitar wasa, wanda yawanci tsofaffin 'yan wasa ne a cikinsa. Suna kallon kowane wasa ta kyamarori da dama. Abu na farko da suke yankewa shi ne sunan laifin. In ba a taɓa kai ko wuya ba, makararren karo yana shiga ƙarƙashin karo mai haɗari. In an shigo da kafaɗa tsagwaro, ba a yi yunƙurin rungumar mutum da hannu ba, to laifin bankar kafaɗa ne, wadda aka haramta tun kakar 2013. In kuwa an sami kai, ya zama karon sama, shi ma kashi biyu ne: na sakaci da na ganganci. Sakaci shi ne ka kasa yin hattarar da ya kamata ka yi. Ganganci shi ne ka ga haɗarin ƙuru-ƙuru ka ce ko oho. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce tazarar da ke tsakanin tara da zaman wata guda.

Daga nan sai mataki, na 1 zuwa na 3. Ana duba ƙarfin karon, da girman haɗarin da aka jefa mutum a ciki, da kuma ko mai karon yana da damar janyewa bai janye ba. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar maganar. Ba wanda yake riƙe da agogo yana cewa rabin daƙiƙa halal, daƙiƙa ɗaya haram. Tambayar ita ce, lokacin da ƙwallo ta bar hannu, shin mai tsaron ya riga ya saki jikinsa yadda ba zai iya tsayawa ba? Idonsa yana ina? Bayan ƙwallon ta tafi ya ƙara taku ɗaya ko biyu? Ya rage ƙarfi ya buɗe hannu, ko ya ƙara dunƙule kafaɗa? Mutum biyu na iya makara daidai wa daida, ɗaya ya tsira ɗaya ya sha hukunci, saboda ɗayan ya yi ƙoƙarin sassautawa ɗayan kuma ya ƙarasa abin da ya zo yi.

A tsarin da NRL ta kawo a 2022, karo mai haɗari na mataki na 1, in laifin farko ne, tarar dalar Ostareliya 1,500 ce, ta koma 1,000 in ka amsa laifi da wuri. Laifi na biyu 2,500, ko 1,800. Na uku kuwa ko ka amsa ka biya 3,000, ko ka je ka yi jayayya, in ka faɗi ka zauna wasa biyu. Mataki na 2 a laifin farko wasa biyu ne, ɗaya in ka amsa. Ana lissafa tarihin mutum na wata 12 da suka wuce. To ka ga tun a nan, karo iri ɗaya sak zai iya zama dala 1,000 ga wani, ga wani kuma wasa biyu, alhali mai kallo a gida bai san wanda aka tuhuma a watan jiya ba.

Bari in ɗauki misali ɗaya in warware shi, don ya fi teburin lissafi bayani. Ranar 5 ga Yunin 2024, wasan farko na gasar jihohi ta State of Origin a Sidni, tsakanin New South Wales da Queensland. Ba a cika minti goma ba Joseph Sua'ali'i, wanda ranar ce farkon saka rigar jiharsa a wannan gasa, ya fito daga layi a guje ya nufi Reece Walsh, mai lamba 1 na Queensland. Walsh ya riga ya miƙa ƙwallo. Kafaɗar Sua'ali'i ta same shi a kai, ya zube. Alƙali Ashley Klein ya kore shi daga fili. Walsh bai dawo ba, Queensland ta shigo da ɗan wasanta na 18, wato na ko-ta-kwana, Hamiso Tabuai-Fidow ya koma gurbin Walsh ya ci sau uku, aka tashi 38 da 10. Kwamiti ya rubuta karon sama na ganganci, mataki na 2: wasa huɗu in ya amsa, biyar in ya yi jayayya ya faɗi. Ya amsa.

Masu kare shi sun ce ai Walsh ya ɗan zame, tsayinsa ya ragu kafin su haɗu, da bai zame ba da ƙirji za a samu. Gaskiya ne ya zame, kuma irin wannan hujja tana aiki a wasu lokuta, tana sauke mataki. A nan ba ta yi aiki ba saboda abubuwa sun taru a wuri ɗaya: gudun da ya taho da shi daga nesa, ƙwallo ta riga ta tafi, jikinsa a miƙe bai sunkuya ba, kuma kai aka samu kai-tsaye da ƙarfi. Wanda ya zaɓi ya taho da gudun da ba zai iya sarrafawa ba, duk abin da ya faru a ƙarshen gudun nasa ne. Haka kwamitocin suke kallon abin yanzu.

To amma ga inda tambayarka take da haƙori. Wata uku kafin wannan, a Maris na 2024, shi dai wannan Walsh ɗin, yana buga wa Brisbane Broncos, Taylan May na Penrith ya fito masa a guje, kawunansu suka gwaru, ƙashin fuskar Walsh ya tsage ya yi makonni yana jinya. Kwamiti bai tuhumi May da komai ba, an ɗauke shi a matsayin gwaren kai na tsautsayi. Mutum ɗaya aka ji wa ciwo sau biyu a kaka ɗaya, duka biyun wani ne ya fito masa daga layi da gudu, ɗaya wasa huɗu ɗaya ko sisi. Ana iya kare bambancin da cewa can kafaɗa ce nan kai ne, kuma ba mai hankalin da zai kai wa wani hari da goshinsa. Ni dai ban gamsu ba. In hujjar hukunta Sua'ali'i ita ce ya taho da gudun da ya hana shi iko da jikinsa, to May ma haka ya taho.

Wannan ya kai mu ga batun rauni, wanda shi ne ya fi rikita mutane. A ƙa'ida aikin ake hukuntawa, ba sakamakonsa ba. A aikace kuwa rauni yana shiga lissafi, ko a matsayin shaidar ƙarfin karon ko a matsayin abin da ke ƙara nauyin hukunci. A Afrilun 2024, a gasar mataki na biyu ta New South Wales, Freddy Lussick na Warriors ya yi tsalle zai tare bugun Lachlan Ilias na South Sydney, ya faɗa kan ƙafarsa, ƙashin ƙaurin ya karye. Ba a ma ba laifin mataki ba, kai-tsaye aka tura shi gaban kwamitin shari'a, aka ba shi wasa huɗu. Irin wannan shiga ƙafar mai bugu ana yin ta a wasu makonnin, in ƙafar ba ta karye ba sai a ƙare da tara ko wasa ɗaya. Wasu na ganin wannan zalunci ne, don sa'a ce kawai ta raba su. Wasu na cewa wanda ya jefa dutse a kasuwa ba shi ke zaɓar kan da zai faɗa ba. Ingila ta fito fili da nata: a tsarin maki da RFL, hukumar wasan a can, ta fara a 2025, ana ƙara wa mai laifi maki in wanda ya yi wa ketar ya kasa ci gaba da wasa.

Tunda na ambaci Ingila, tsarinsu a taƙaice shi ne haruffa maimakon lambobi. Kafin 2025 daga A zuwa F ne, kowane harafi da adadin wasanninsa. A tsarin 2025 kuwa, A maki 1, B maki 3, C maki 5, D maki 12, E kuma sai gaban kotun hukumar. Makin yana zama a kan mutum wata 12, da ya kai 6 sai dakatarwar wasa ɗaya. Shi ya sa za ka ga an ce wane ya yi laifin mataki A amma an dakatar da shi, wane ya yi na C an bar shi da tara. Na farkon tulunsa ya riga ya cika ne, ɗigo ɗaya ya rage.

Sai batun jayayya. A NRL ɗan wasa yana da zaɓi uku: ya amsa, ya musanta gaba ɗaya, ko ya amsa laifin amma ya ce matakin ya yi yawa. In ya zaɓi jayayya sai a zauna, yawanci daren Talata, da lauyan hukuma da lauyan ɗan wasa, gaban mutum biyu daga tsofaffin 'yan wasa ko koci ko alƙalai, da shugaba wanda masanin shari'a ne. Geoff Bellew, wanda ya yi alƙalanci a Kotun Ƙoli ta New South Wales, ya daɗe a wannan kujera. Caca ce, don in ka faɗi rangwamen ya tafi. Nelson Asofa-Solomona na Melbourne Storm ya gwada a 2024 bayan karon sama da ya yi wa Lindsay Collins a wasan kusa da na ƙarshe. Ya nemi a sauke masa mataki don ya buga wasan ƙarshe, aka ƙi, dakatarwar wasa huɗu ta koma biyar, Penrith ta doke Storm 14 da 6 ba shi. Billy Slater kuwa a 2018 ya yi jayayya a kan tuhumar bankar kafaɗa, aka wanke shi, ya buga wasan ƙarshe wanda shi ne na bankwanarsa. Har yau akwai masu cewa sunansa ne ya cece shi. Ba za a iya tabbatar da haka ba, amma abin da kowa ya sani shi ne kulob mai lauya gwani, da ke iya tsayar da hoto ɗaya-ɗaya yana nuna inda hannu yake da inda ido yake, ya fi samun sauƙi.

Ba haka ake da can ba. Shekaru da dama bankar mai tsara wasa bayan ya saki ƙwallo dabara ce da koci ke koyarwa ba tare da ya furta ba: ka taɓa shi duk lokacin da ya zo kusa da layi, zuwa minti na 60 zai fara sakin ƙwallo da wuri don tsoro, gibin kuma ya daina buɗewa. Johnathan Thurston na North Queensland Cowboys ya sha wannan fiye da kowa a zamaninsa, don shi mutum ne mai kai ƙwallo har hancin masu tsaro. A tsakiyar kakar 2018, bayan hayaniya a kan irin dukan da yake sha, aka faɗaɗa ikon alƙalai na fitar da mutum minti goma saboda makararren karo. A 2021, a makon da duk kulob-kulob ke taruwa a Brisbane, aka tsananta a kan taɓa kai: an fitar da mutum 14 na minti goma, an kori 3, a mako ɗaya. Abin da ke bayan wannan ba ɓoyayye ba ne. An gano cutar ƙwaƙwalwa ta CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai, a gawar Steve Folkes da ta Paul Green, dukansu tsofaffin 'yan wasa kuma koci da suka ci kofi. A Ingila tsofaffin 'yan wasa, ciki har da Bobbie Goulding, sun kai hukumar RFL ƙara kotu. Tun 2023 duk wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta bugu a NRL sai ya huta kwana 11.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu tsara wasa sun san doka tana bayansu, wasu sukan riƙe ƙwallo har sai mai tsaro ya saki jiki sannan su miƙa, su juya masa baya, in an taɓa su su kwanta su jira a duba bidiyo. Mai tsaro kuma in ya tsaya yana jira, aka yi masa wayon nuna fasin ba a bayar ba aka wuce shi, shi za a zaga a ɗakin bita. Hoton da aka rage wa gudu ma yana da nasa sharrin, yana mai da ƙiftawar ido ta zama kamar mutum ya zauna ya yi shawara. In kana son ka auna da kanka, ka fara kallon karon a gudunsa na asali, sannan ka koma a hankali ka ƙirga takun da mai tsaro ya yi bayan ƙwallo ta tafi.

Inda nake ganin tsarin ya gaza ba a manyan laifuffuka ba ne, a ƙananan ne. Dala 1,000 ga wanda ya taka haƙarƙarin ɗan wasan da ake biya sama da miliyan ɗaya a shekara, ya kuma sa shi ɗari-ɗari har ƙarshen wasa, wannan ciniki ne mai riba, kowane koci ya iya lissafinsa. Dakatarwa kuma, ko ta zo, ba kulob ɗin da aka cuta take amfana ba, waɗanda za su haɗu da mai laifin a makonni masu zuwa su ne ke cin gajiyarta, wataƙila ma abokan hamayyar wanda aka cutar ne a tebur. Dubi na Sua'ali'i: a rigar jiha ya yi laifin, Sydney Roosters, kulob ɗinsa a lokacin, da ba ruwanta ta rasa shi, Broncos ma ta rasa Walsh na kwanakin hutun dole. Hukuncin da ya biya wanda aka cuta a ranar shi ne na Ashley Klein, da ya bar New South Wales da mutum 12 na sama da minti 70. Don haka in da ni ake shawara, ba ƙarin tara zan nema ba. Zan ce duk makararren karon da aka ga mai shi ya ƙara taku bayan ƙwallo ta tafi, a ba shi minti goma nan take, ko an taɓa kai ko ba a taɓa ba, a watan Maris da a wasan ƙarshe duka ɗaya.